Agogon Kiɗa da Mai Jita

Duk saurayin da ya fara riƙe jita, abin da yake so shi ne yatsunsa su yi gudu. Ya ji su Bombino na Agadas a wayarsa, shi ma yana marmarin tsirkiya ta yi kuka a hannunsa kamar yadda take yi a nasu. Wannan ba abin zargi ba ne. Amma ni da nake lura da mawaƙan majami'armu shekara da shekaru, na ga cewa abin da jama'a suke nema wurin mai jita dabam ne. Suna so ya zama mutumin da za su jingina da shi, ya riƙe musu waƙa daga farko har ƙarshe, kada ya ja su, kada kuma ya bar su a baya. Saboda haka nake sa kowane yaro da ya zo koyo ya zauna da wani ɗan abu da ake kira metronom. Mu a nan mun raɗa masa suna agogon kiɗa.

Aikinsa guda ɗaya ne. Yana bugawa ƙwas, ƙwas, ƙwas, tazarar kowane bugu daidai da na bayansa. Irin na dā akwati ne na katako mai tsini a sama, da siririyar sandar ƙarfe mai lilo dama da hagu. A jikin sandar akwai ɗan nauyi: in ka tura shi sama, lilon ya yi sanyi, in ka sauko da shi, ya yi sauri. Lambobinsa sun tashi daga 40 zuwa 208, wato yawan bugu a cikin minti ɗaya. In ka sa shi a 60, bugu ɗaya ke nan kowace daƙiƙa. Wani mutum mai suna Winkel ne ya ƙera irinsa a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1814, sai wani Bajamushe, Maelzel, ya sa masa lambobi ya yi rajistarsa da sunansa a 1815. A 1817 shahararren mai tsara kiɗan nan Beethoven ya fitar da lambobin da yake so a bi wajen kaɗa ayyukansa. Yanzu ba sai ka sayi akwatin ba, gama ana samunsa kyauta a cikin wayar hannu.

Wani dattijo a cikinmu ya taɓa ce mini, "Malam, yaushe muka zama masu koyon kiɗa wurin agogo? Matanmu uku suna daka a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Wane Bature ne ya koya musu?" Maganarsa gaskiya ce, na kuwa daɗe ina juya ta. Amsar da na samu ita ce, yarinya ba ta koyon lugude ita kaɗai. Tana tsakanin yayyenta, in ta yi gaggawa taɓarya ta bugi tata, nan take ta gyara. Ɗan makaɗa ma a gindin ubansa yake tashi, kalangu yana yi masa horo tun kafin ya iya magana sosai. Mu kanmu a makarantar mishan, malaminmu yakan buga tebur da rula muna rerawa, wanda ya riga rula ya sha kallo. Amma mai koyon jita fa? Yawanci shi kaɗai ne a ɗaki ko a gindin dogon yaro da jitar aro. Ba mai tafa masa, ba mai ce masa ya yi sauri. Agogon kiɗa shi ne yake tsaya masa a madadin waɗannan yayyen.

Ga abin da yake faruwa da wanda ya koya shi kaɗai. Inda waƙa take da sauƙi, sai hannunsa ya zura da gudu. Inda zai sauya kamun yatsu, misali daga Do zuwa Fa, sai ya ɗan dakata yana neman wuri. Kunnensa ya saba da haka har ba ya jin akwai wata matsala. Akwai wani yaro mai baiwa da muka sa ya yi wa jama'a kiɗa ranar Ista. Baiti na fari lafiya lau. Kafin a kai na uku ya yi nisa, 'yan mata suna bin sa da kyar, tsofaffi kuwa sun rufe baki. Da aka tashi wata tsohuwa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, ɗan nan naka korarmu yake yi?" Ranar da ta fi kowace rana farin ciki, an hana ta rera waƙar da ta iya tun tana budurwa. Wannan ita ce asarar da nake gudu.

To, ɗan'uwa mai koyo, ga yadda muke yi. Ka fara daidaita tsirkiyoyinka shida. Ka sa agogo a 60, kada ka taɓa jita tukuna. Ka saurara, ka buga ƙafa tare da shi, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da bakinka. Sa'an nan ka kama Do, ka kaɗa sau ɗaya a kan kowane bugu. Bayan huɗu ka koma Sol, bayan huɗu ka dawo. Sharaɗin shi ne hannun dama ba ya jiran na hagu. In yatsu ba su isa wurinsu a kan lokaci ba, ka rage lamba zuwa 50, ko ma 40. Ba kunya a ciki. Alamar da za ta nuna maka ka dace ita ce, ƙarar agogon za ta ɓace a cikin ƙarar tsirkiya, har ka yi tsammani ya tsaya.

Sai ka yi abu sau da yawa a jere ba tuntuɓe kafin ka ƙara lamba, kuma kaɗan za ka ƙara, uku ko huɗu. A irin na dā ma, daga 60 sai 63, sai 66, sai 69, sai 72. In ka kai inda kafaɗarka ta ɗaure, babban yatsanka yana matse wuyan jita kamar zai karya shi, ka wuce iyakarka ta yau. Ka koma baya. Hannun da ya ƙage ba ya gudu, kuma abin da ka maimaita cikin kuskure shi yatsu za su haddace. Sauri ya kan haifi nawa.

Wanda yake son gudun yatsu, ga lissafi mai sauƙi. A lamba 60, in ka sa sauti biyu a cikin kowane bugu, ka yi 120 a minti. In ka sa huɗu, ka yi 240, alhali agogo bai motsa daga inda yake ba. Ka gwada uku kuma, domin waƙoƙinmu da yawa a kan uku-uku suke tafiya, kamar sukuwar doki. In wannan ya zauna, ka ba kanka jarrabawa: ka rage lamba rabi, agogo ya riƙa bugawa sau ɗaya inda dā yake yi sau biyu, kai ka cike gurbin da kanka. Nan za ka gane ko lokacin ya shiga jikinka, ko kuwa bin sa kake yi kawai. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa uku ranar Asabar da dare. Ka sake sauraron masu jitar Agadas ɗin da kyau, za ka ji tafi da ganga a ƙarƙashin gudun nan, ba sa gezau.

Akwai gargaɗi guda. Agogon kiɗa na ɗakin koyo ne, ranar Lahadi a bar shi a gida. Jama'a suna numfashi, shi kuwa ba ya yi. A ƙarshen baiti suna bukatar ɗan sarari su ja iska, baitin ƙarshe yakan so a sassauta, waƙar jana'iza kuma ba a tafiyar da ita kamar ta biki. Mai jita ya kasa kunne ga waɗannan duka. Sai dai wanda ya iya riƙe lokaci ne kaɗai yake iya sassauta shi da gangan, ya kuma dawo da shi inda yake. Wanda bai iya ba, lokacin ne yake jan sa inda ya ga dama.

Yaron nan na Ista ya yi wata uku yana zama da agogo kowace yamma bayan ya dawo daga gona. Yanzu yatsunsa sun fi dā gudu nesa ba kusa ba, amma ba safai yake nuna wannan a sujada ba. Idonsa yana kan bencin tsofaffi. In ya ga bakinsu yana motsi, ya san kiɗansa yana tafiya daidai.