Kiwon Shanu da Kiwon Ciyawa: Wasiƙa daga Waikato

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, ya saba ganin Bafulatani da sandarsa a kafaɗa yana gaba garke na biye, in Allah ya kawo shi lardin Waikato na ƙasar Niyu Zilan, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne ganin ɗaruruwan shanu suna kiwo ba kowa a tare da su, sai wata siririyar waya mai ɗauke da lantarki, wadda yaro ma zai iya tsallakewa amma saniya ba ta kuskura ta taɓa. Wani manomi na nan kusa da Hamilton, Bill Gallagher, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan shinge a ƙarshen shekarun 1930, kuma a kansa aka gina tsarin kiwon ƙasar.

Gonar madara a nan an yanka ta gida-gida ne, da hanya a tsakiya wadda shanu ke bi zuwa wurin tatsa safe da yamma. In sun fito sai a buɗe musu sabon gida, ko a ja waya a yanka musu rabon yini ɗaya, wanda suka bari kuwa ba za su sake taka shi ba sai ya huta. A kan wannan hutu hankalin manomi yake, har na fahimci cewa a haƙiƙa ciyawa yake kiwo, saniya kuwa ma'aikaciya ce mai girbe masa ita. Ciyawar da suke shukawa, raigiras, wadda suke haɗawa da wani ɗan tsiro mai ƙara wa ƙasa taki, ganye uku kaɗai kowane tsiro nata yake riƙewa, in na huɗu ya leƙo sai na fari ya mutu. Saboda haka za ka ga manomi ya durƙusa cikin raɓa ya tsinko tsiro ɗaya yana ƙirga ganyensa a tafin hannu, domin in ya sa shanu kafin ganye ya cika ya zalunci saiwa, in kuma ya yi jinkiri ya yi israfi. A lokacin da ciyawa ke gudu, daga Satumba zuwa Nuwamba, zagayen bai wuce kwana 20 zuwa 25 ba, rarar kuwa a yanke a turmushe a rufe da leda ta zama ajiya; a hunturunsu na Yuni da Yuli sai a ja shi ya haura kwana 60. Hatta haihuwa an daidaita ta da wannan lissafi, gama kusan dukan shanu suna haihuwa ne a Yuli da Agusta, domin cikar hantsa ta zo daidai da cikar makiyaya.

Kada mai karatu ya zaci ina nufin makiyayinmu bai san hutun ƙasa ba. Ya sani sarai, sai dai shi da tafiya yake hutar da ita. Da damina yana kan tudu nesa da shuka, da kaka ya sauko gonaki shanu su ci karan dawa su bar taki, da rani ya gangara fadama ko ya yi kudu, kuma ya san gamba daga kyasuwa, ya san lokacin kai dabba ga kanwa. Wanda ya taɓa ganin yaro a watan Maris can ƙololuwar kawo ko maɗobiya yana saro rassa, Bunaji sun kewaye gindin sun ɗaga kai suna jira, ya san cewa riƙe garke da rai cikin wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa ilimi ne babba. Waikato ba ta san irin wannan rani ba, ana samun ruwa a kowane wata na shekara, kuma wannan ni'ima ce daga Allah wadda tadbiri ba ya sayo ta. Manoman Waikato ma ba su kuɓuta daga aibi ba: fitsarin shanu masu yawa da takin zamani suna gurɓata kogunansu, kuma sun koma sayo wa shanunsu tunkuzar kwakwar manja daga Indonesiya da Malesiya.

Amma bambancin da ya fi tsaya mini a rai na haƙƙi ne. Manomin Waikato yana iya barin gida ɗaya kwana 60 domin yana da yaƙinin cewa shi zai tarar da abinsa, alhali makiyayinmu in ya bar ciyawa yau wani garken ne zai cinye gobe, ko wuta ta lashe, ko ya dawo baɗi ya tarar an nome burtalin. Malaman fiƙihu sun tabbatar da tarayyar jama'a a cikin ruwa da ciyawa, amma sun kuma halatta wa shugaba ya keɓe hurumi domin maslaha, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi a Rabaza saboda dabbobin zakka. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 wannan hanya ta nufa, sai dai da yawa daga filayen ba a tabbatar da su a hukumance ba, gonaki kuma suka cinye su. A shekarun 1980 masu bincike sun gwada wa Fulanin wajen Kachia killace fili kamar hekta 4, a shuka wani tsiro mai suna sitailo da damina, a buɗe wa masu tatsa da masu ciki sa'o'i kaɗan kowace rana da rani; shanu sun amfana, amma kuɗin waya da rashin tabbacin ƙasa suka hana abin yaɗuwa, domin mutum ba ya kafa shinge a filin da ake iya tashinsa.

Ina jin takaici in na ji ana cewa maganin ƙarancin nono a ƙasarmu shi ne a kawo shanun Turai. C. P. McMeekan na cibiyar bincike ta Ruakura da ke nan Waikato ya nuna tun shekarun 1950 cewa daidaita yawan shanu da abin da ƙasa ke iya fitarwa ya fi salon zagayen kansa tasiri ga madarar da kowace eka ke bayarwa. Saniyar da aka yi kiwon kakanninta a kan ɗanyar ciyawa ta shekara duka, in an sauke ta a wajen Kachia ba harawa a rumbu, ba rijiya, ba hurumi tabbatacce, kafin rani ya raba za ta rame fiye da Bunajin da aka kawo ta ta maye gurbinta.