Ɗana Ya Zaɓi Sarewa

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Korgom, cikin gundumar Tasawa. Da rana ina gona, da dare ina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi. Yau labarin abin da ya faru a gidana na kawo muku, don irinsa na iya faruwa a gidan kowa.

Ina da yaro a lakwal, yana aji biyar. Ɗan fari ne, saboda haka ku yi mini afuwa, ba zan kama sunansa ba. Bara, da aka koma lakwal a watan Oktoba, mushensu ya ce zai kafa ƙungiyar kiɗa da waƙa ta yara. Yana so su yi wasa ranar 18 ga Disamba, ranar tunawa da kafa Jamhuriyar Nijar a 1958. Aka tattaro kayan kiɗa daga cikin gari: ganga 2, kalangu 1, da ƙorai da shantu don ƴan mata. Mushe ya ce kowane yaro ya zaɓi abin da yake so, amma ya nemi yardar iyayensa.

Kun san a ƙasar Hausa kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne da ƴan dambe. Dundufa ta maƙera ce. Tambari da kakaki da algaita na fada ne. Gangar noma kuwa tamu ce, mu manoma. Ita ake kaɗawa ranar gayya, har rago ya manta da ragwancinsa. Shi ya sa na sa rai yaron nan ganga zai ɗauka.

Da yamma ya dawo, ya durƙusa ya ce: "Baba, na zaɓa."

Na ce: "Madalla. Ganga ko?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce: "Sarewa."

Na ce: "A ina ka ga sarewa cikin kayan lakwal?"

Ya ce: "Abokina ne ya zo da tasa daga rugga. Bencinmu ɗaya. Ya ce zai koya mini."

Nan take raina ya ɓaci. Na ce masa sarewa ta masu bin shanu ce, mu ba mu gaje ta ba. Na ce ko ganga, ko ya fita daga ƙungiyar. Bai ce komai ba, ya tashi.

Amma bari in faɗa muku gaskiya. Maganar gado fakewa ce na yi da ita. Shekara biyu kafin nan, shanu suka shiga gonata da dare, suka cinye waken da nake shirin roro. Muka je gaban mai gari, aka ƙiyasta ɓarna, aka biya ni. Magana ta ƙare a bakin mai gari, amma ba ta ƙare a zuciyata ba. Tun daga ranar, in na ji sarewa daga daji, waken nan nake tunawa.

Bayan kwana uku na ji wata ƙara bayan rumbu, kamar kukan ɗan akuya mai mura. Na leƙa. Sai ga yaron da guntun karan dawa. Ya rarake cikinsa, ya huda shi da ƙusa mai zafi, yana ta fama da busa. Har ya ƙone yatsa. Na koma da baya ban yi magana ba.

Uban abokin nan nasa ɗalibina ne a cibiya. Dattijo ne, ya girme ni nesa. Ya shigo karatu don ya riƙa karanta takardar rigakafin bisashensa da kansa, kuma kada a cuce shi a lissafi ranar kasuwa. Wani dare da aka tashi, ya tsaya har kowa ya watse.

Ya ce: "Malam, na ji ka hana yaro busa."

Na ce: "Baba, ba gadonmu ba ne."

Ya yi murmushi, ya ɗaga littafinsa, ya ce: "Wannan fa, gadona ne? Ubana bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Ran da na zo nan, ka tambaye ni ko na gada? Tabarma ka nuna mini, ka ce in zauna."

Na rasa amsa. Sai na fito da abin da ke cikina, na ba shi labarin wake. Ya saurara har na gama. Ya ce wanda ya saki shanu cikin amfanin mutum ya yi zalunci, kuma ba ya goyon bayansa ko ɗansa ne. Sannan ya ce: "Amma Malam, gobe ka je ka dubi burtalin da ke gabas da gonarka. Ka auna shi da ƙafa, ka tambayi tsofaffi yadda faɗinsa yake a da."

Na je na duba. Burtalin ya tsuke ƙwarai. Kowace damana mai gona na ƙara kunya ɗaya ko biyu, kuma har da ni a ciki. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Ƴan'uwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu ta Maradi. Manyanmu suna tune da abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayukan mutane fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A 1993 gwamnati ta fito da dokar karkara, a 2010 kuma ta ƙara da dokar kiwo, don a kiyaye gonaki da burtali da mashaya. Doka tana da amfani. Amma doka ba ta iya shiga gidana ta hana ni koya wa ɗana ƙin maƙwabcinsa. Ni kuwa abin da na fara yi ke nan ban sani ba.

A daren nan na tuna da marigayi Malam Mamman Barka, wanda muke jin gurminsa a rediyo. Ɗan makiyaya ne daga Tesker, kuma malamin lakwal ne kafin a san shi da kiɗa. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, don ya koyi biram. Biram abin kiɗa ne mai tsirkiya 5, mai siffar jirgin ruwa, na masuntan Buduma. A lokacin tsohon nan kaɗai ya rage cikin gwanayensa. Mamman Barka bai gaji biram ba, amma ya zauna ya koya, ya kai shi har ƙasashen Turai kafin rasuwarsa a 2018. Da tsohon ya ce sai ɗan gado, da kiɗan ya bi shi kabari.

Da safe na kira yaron. Na ce: "Na yarda, amma da sharaɗi biyu. Karatu ne gaba. In makinka ya sauka, sarewa ta koma rataye. Na biyu, ba ka zuwa rugga sai ka gama aikin gida." Ya ce: "To, Baba." Ya fita da gudu har ya bar takalmi ɗaya.

Ranar farko ni na raka shi. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Dattijon ya nuna masa sarewar gaske. Huda 4 gare ta. A karkace ake riƙe ta a baki, kuma gwani yana gunji a maƙogwaro yana busa, sai ka ji kamar murya biyu. Ya ce a da da kara ko gora ake yi, yanzu har da bututun roba, don ba ya fashewa. Ya ce shanunsa sun san busarsa, suna natsuwa in sun ji ta. Ni da na girma ina jin sarewa daga nesa, sai ran nan na gan ta da kyau.

Ranar 18 ga Disamba gari ya taru a filin lakwal. Mutanen rugga ma sun zo, sun tsaya gefe ɗaya. Ganga ta fara, ƴan mata suka shiga da shantu. Sai yaran nan biyu suka fito. Ba zan yi muku ƙarya ba, nawa bai ƙware ba. Sau biyu numfashi ya yanke masa, abokinsa ya riƙe busar har ya dawo. Amma mata suka rangaɗa guɗa, kuma ban iya rarrabe guɗar gari da ta rugga ba.

Da rani dattijon ya zaunar da shanunsa a gonata wata ɗaya, suka zuba taki, ni kuma na ba shi hatsi, kamar yadda kakanninmu suke yi. Da damana ta faɗi, na ja da baya na mayar wa burtali kunyoyin da na ci.

Shawarata ga iyaye ita ce: in yaro ya zo da zaɓinsa, kada ku yi saurin hanawa kamar yadda na yi. Ku tambaye shi me ya sa. Ku san wanda zai koya masa, da inda za a koya. Ku sa ido kan karatunsa. In akwai abin da zai ɓata tarbiyya, ku hana. In kuwa wani tsohon haushi ne ke cinku, to ku tuna yaro bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zama lafiya tsakanin gona da garke. Amin.