GAJIYAR DA BA TA BIN LAFIYA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san idan aka ce masa "Ina gajiya?" amsa guda ake jira daga bakinsa, watau "Ba gajiya," ko kuwa ya ce ta bi lafiya, ko da daga huɗa ya fito gumi na tsiyaya. Haka nan majinyaci, in an ce masa "Yaya jiki?" ba shi da ta cewa sai "Da sauƙi." Malamanmu na al'ada sun koya mana cewa wannan juriya ce da kyautata zato ga Ubangiji, ni ma ban musa ba. Amma watanni huɗu da na yi a garinmu Bagega bayan na tashi daga ciwon shawara sun nuna mini akwai wata gajiya wadda gaisuwarmu ba ta tanadar wa amsa ba.

Shawarar da ta kama ni ita ce likitoci ke kira ciwon hanta nau'in E. Ƙwayar bairos ce da ke shiga mutum ta ruwan sha wanda ƙazanta ta taɓa, ta kwanta a jiki mako biyu zuwa goma kafin ta bayyana. Ita ce ta ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 1917 da ɗari, watau 2017, kuma ta fi haɗari ga mata masu tsohon ciki. Ga namiji matashi irina kuwa, yawanci cikin mako biyu zuwa shida takan wuce da kanta. Haka aka yi. Idona ya washe, fitsari ya koma kalarsa, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa. A lissafin kowa na warke.

To, a nan fa aka yi ta. Mutum ya kwana tun bayan lisha har hantsi, ya tashi kamar wanda ya wuni sassabe. Jawo guga ɗaya daga rijiya sai na nemi wurin zama. Na ɗauko littafin nahawu da nufin in rage aikin da ya taru, sai in karanta shafi sau uku ban riƙe kome ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gajiyar ba ta zuwa lokacin aikin. Ranar da na ji ƙarfi na bi yara gona, lafiya lau na dawo. Sai washegari da jibi na kasa ɗaga kai daga matashi, kamar bashin da aka jira ka manta sa'an nan aka aiko karɓa.

Gida kuwa kowa da fassararsa. Kawuna, mutumin da bai san kwanciyar rana ba, ya dube ni kan tabarma ya ce, "Kai ɗan nan, mi ka damunka? Ido ya yi fari, tuwo kana ci. Boko dai ta lalata ka." Inna ba ta ce kome ba, sai dai ta ƙara jiƙa rawaya, ta hana a sa mini mai a miya, ta sa a sawo mini rake. Abokai suka ce in je kemis a yi mini ƙarin ruwa, a haɗa mini da maganin taifot, alhali kuwa irin waɗannan magunguna ba su taɓa bairos, kuma duk ƙwayar da mutum ya haɗiya hantar nan da ke neman hutu ita za ta yi dakonta.

Akwai kuma fassara ta huɗu wadda sai ɗan yankinmu zai gane nauyinta. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu. Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasarta, muna yara muna kallo. Tun daga nan, in ɗan garinmu ya cika kasala, zukata sai su koma can, kuma ba a banza ba, domin dalma na rage jini ta kawo kasala har ga babba. Saboda haka da na koma wurin likita na gaya masa inda na fito. Aka auna jinina, aka sake duba hanta, aka ce ba dalma ba ce, hanta kuma tana komawa daidai. Ya ce mini wannan gajiya sananniya ce: tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu likitoci suka lura da ita ga sojojin da suka tashi daga shawara. Hanta ce rumbun da jiki ke ajiye sukari, garkuwar jiki kuma ba ta kwance ɗamara ranar da yaƙi ya ƙare, ga tsoka da ta saki saboda doguwar kwanciya. Annobar korona ta ƙara fito da zancen fili, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba larurar bayan korona ma'ana a hukumance cikin Oktoba 2021, gajiya na cikin manyan alamunta.

Abin da ya tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin Hausa, shi ne ba wai al'adarmu ba ta san farfaɗowa ba ce. Dubi mai jego. Ta haihu lafiya, ba ciwo take yi ba, amma an ware mata kwana arba'in, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga kauri, ba mai ce mata raguwa. Yaron da aka yi wa kaciya ma ana jinyarsa da kaji. Ashe kakanninmu sun gane akwai zango tsakanin ciwo da lafiya. Sai dai sun ba da shi ga wanda ake ganin dalilinsa da ido. Wanda ciwonsa ya ɓuya a ciki, kalmomin da suka rage masa su ne lalaci da ragwanci da son jiki, kuma duk zagi ne. A garin da ƙarfin damtse ne jari, ko a gona ko a ramin haƙa, saurayi ya zauna inuwa da hantsi ba ƙaramin abin kunya ba ne. Wallahi wannan kunya ta fi gajiyar ci mini rai.

Dabarar da ta fisshe ni ta masu auna hatsi ce a shekarar fari. Na ɗauki ƙarfina kamar tiya ɗaya da za ta kai ni dare. Na sami ɗan littafi ina rubuta abin da na yi kullum da yadda na tashi washegari, har na gane iyakata. Karatu minti ashirin, hutu, sa'an nan wani ashirin. Tafiya daga ƙofar gida zuwa masallaci, bayan mako biyu zuwa bakin kasuwa. Ranar da na ji garau ita na fi tsoro, sai in tsaya tun da sauran ƙarfi. Ruwan sha kuwa sai an tafasa, ni da duk gidan. Likita ya kuma ja kunnena cewa in ido ya sake yin ɗorawa, ko ciki ya kumbura, ko barci da ruɗewa suka yi yawa, wannan ba gajiya ba ce, a taho asibiti nan take.

Kawu bai sauko ba sai da Inna ta ce masa, "Malam, ko sa in ya tashi daga ciwo ba a ɗaura mai galma ran nan." Ya yi shiru, da yake shi mai shanun huɗa ne. Daga ranar ya bar ni da aikin tsinke gyaɗa a zaune.

Yanzu na dawo makaranta, zango guda ya wuce ni. Har yau in na yi lacca uku a jere, ta huɗu sai dai in ari littafin abokin ɗakina in kwafa da dare.