Shagon da Ke Cikin Kan Mutum Ɗaya

Mu da muka tsufa a kan keken ɗinki mun fi yi wa mutuwa tanadi a kan ciwo. Mutuwa tana da tsarinta: akwai malaman da suka san rabon gado, akwai alƙali, kowa kuma ya san sai an biya bashi kafin magada su ɗauki ko allura. Ciwo bai samu wannan gatan ba. Mutum yana raye, dukiyarsa tasa ce, ba mai ikon taɓa ta, shi kuma yana kwance ba ya iya juya ta. A irin waɗannan watannin na ga shaguna masu albarka sun ruguje alhali masu su na numfashi.

Ɓarnar takan faro ne daga abin da muke kira rufin asiri. Ɗan kasuwa ba ya son ko matarsa ta san nawa ne jarinsa, wa yake bi, wa ke binsa. Tela kuma yana da nasa alfaharin: ba ya rubuta awo, kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka. Akwai wani maƙwabcin shagona da hawan jini ya kayar ana tsakiyar azumi, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Shagonsa cike yake da shaddar mutane ta ɗinkin Sallah, ƙulli bisa ƙulli, babu suna a kan ko ɗaya. Wani ya zo ya ce tasa gezna ce yadi goma, wani ya rantse ya ba da kafin alƙalami, iyali kuwa ba su san gaba ba su san baya. Keke suka fara sayarwa don su sallami masu hayaniya. Allah ya ba shi sauƙi daga baya, ya tashi ya tarar babu abin sana'a, babu masu kawo ɗinki.

Abin mamaki, addininmu bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, har ta yi tanadin wanda zai tsaya a madadin mai rauni idan ya kasa yin shifta da kansa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu suna da babin wakilci. Ka zaɓi mutum ɗaya tun kana da ƙafafunka, ka kira shaidu biyu, a rubuta iyakar abin da zai yi: ya karɓi bashi, ya biya haya, ya mayar wa mutane kayansu, amma kada ya sayar da keke, kada ya ci bashi da sunanka. Ba lallai ya zama babban ɗanka ba. Sau da yawa wanda ya fi cancanta shi ne wanda ba a ƙirga shi, uwargida ko 'yar da ta iya lissafi.

Da can kuɗin shago a akwati suke, mabuɗi a ƙarƙashin matashi. Yanzu sun koma cikin waya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014 aka ɗaure asusu da yatsun mai shi, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har mai shayi karɓar taransifa. Banki bai san matarka ba, bai san yaron shagonka ba. Wanda ya sa hannu kaɗai banki ya sani. Ban ce a raba wa kowa lambar sirri ba, wannan ma wata fitinar ce. Na ce a ware asusun shago daban da na cefane, a je banki da ƙafa a tambayi yadda ake ƙara mai sa hannu na biyu. Layin wayar da saƙon kuɗi ke shigowa ma a san inda yake, kada a bar shi ya mutu a aljihun rigar majinyaci.

Adashi ba ya jinya. Uwar adashi za ta aiko ranar zubi ko kana gadon asibiti, musamman idan ka riga ka kwasa, don haka wakilinka ya san da shi. Kuɗin magani kuwa jari yake fara ci. A 2022 an yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, amma akasarin mu 'yan kasuwa muna ganin abin na ma'aikatan gwamnati ne, ba ma ko leƙa ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiharmu mu ji nawa ne zubin.

Sai maganar da abokan sana'ata ba sa son ji. Yaro zai yi shekara da shekaru a shago yana guga, yana sa maɓalli, yana haɗa hannu da jiki, maigida bai taɓa miƙa masa almakashi ba. Yanka ake ɓoye masa, wai kada ya iya ya gudu da masu kawo ɗinki. To, ai ko ba ka koya masa ba zai tafi, wani maigidan ya koya masa. Yaron da ya iya yanka, yana da littafin awo mai sunan kowa da lambar wayarsa, kowane ƙulli da ƙyallen shaida a liƙe, zai riƙe shago wata uku. Idan babu yaro, ka yi magana da telan da ke kusa da kai tun yanzu: in ɗayanku ya kwanta, ɗayan ya ƙarasa masa ɗinkin da ke hannu, ku yanke kason kowa a gaban shugaban ƙungiyar teloli ta unguwarku.