Aiki ya biyo ni, amma jama'a sai da na nema

'Yan uwana mata, da aka mayar da maigidana Matamaye daga Yamai, ƙawayena cewa suka yi sana'ata ta mutu. Ɗinki nake yi a gida, masu kawo min aiki kuwa duk suna WhatsApp. Ashe allura ba ruwanta da nisa: a turo awo da hoto, in ɗinka, in aika ta motar Damagaram, kuɗina su iso ta Nita. Haya ma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da waya ba ta ɗauko min ba shi ne mutane. A Yamai ina da inda zan ranta, nan kuwa ba wadda ta san ni. Maƙwabciyata ce ta ja ni asusun Mata Masu Dubara, ina zuba dala ɗari duk mako. Wata huɗu da shigata, saura kwana goma Sallah, kekena ya tsaya cak, ga atamfofin mutane jibge a ɗaki. A zama ɗaya aka ba ni rancen jika talatin, na gyara, na fita kunya.

In kun ga baƙuwa a unguwarku tana kulle da aikinta, don Allah ku ƙwanƙwasa mata ƙofa ranar zubi.