Littafin bashin Baba mai tireda

A garinmu babu banki. Ƙaramin gari ne a arewacin Jihar Jigawa, dab da iyakar Nijar, kuma arzikinsa a kan kasuwar dabbobi ta Maigatari yake juyawa, wadda take ci ranar Alhamis. Mai buƙatar banki sai ya hau mota zuwa Gumel. Abin da muke da shi bai wuce masu POS biyu ba, da kemis ɗaya, da injin niƙa, da shagon tireda na wani dattijo da kowa yake kira Baba.

Na je gida a watan Fabrairun 2023, lokacin da ƙarancin takardun kuɗi ya kai maƙura. Tun a Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin karɓar tsofaffi ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka miƙa tsofaffi, sababbi ba su iso ba. Mu 'yan birni muka koma tura kuɗi ta waya. A garinmu kuwa akasarin mata ba su da asusu, sabis ma sai an yi sa'a. Masu POS suka rufe, domin su ma a layin banki suke samo kuɗin. Mai niƙa ya koma karɓar ladansa da gero.

Abin da ya riƙe garin a makonnin nan shi ne wani tsohon littafi da Baba yake rubuta bashi a ciki da ajami. Gishiri, man gyaɗa, sabulu, ashana: a ɗauka, a rubuta. Tsarin yana tafiya ne bisa abubuwa uku. Baba ya san gidan kowa har kakanni. Biya kuma yana bin lokacin gari: ranar Alhamis idan an sayar da akuya, ko da kaka idan hatsi ya shigo. Jinginar ita ce kunya, domin wanda ya ci bashin Baba da shi zai haɗa sahu a masallaci. Shi kansa Baba bashi yake ɗauko kayan daga wani dila a Kasuwar Singa ta Kano. Amana ce take gangarowa daga birni har zuwa tukunyar mahaifiyata.

Da na ga sunan gidanmu a shafin, na ce, "Baba, a ba ni lambar asusu in tura."

Ya yi murmushi. "Ɗana, ni ina na ga asusu? Bari kuɗi su dawo. Ai ba gudu za ku yi ba."

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kuɗi suka fara dawowa a hankali. Sai dai kafin mutane su gama biya, an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, farashi ya tashi. A nan ne na fahimci abin da littafin ya ci wa Baba. An rubuta bashi da tsohon farashi, an biya da tsohon farashi, shi kuwa da sabon farashi zai saro kaya. Banki yana ɗora ruwa domin ya kare kansa daga irin wannan asara. Baba ba ya karɓar ruwa, addininsa ya hana, saboda haka jarinsa ne ya sha ta.

Mu 'yan jarida idan muka zo lissafin abin da karkara ta rasa, gine-gine muke ƙirgawa. Ba mu cika tambayar wa yake ɗauke da nauyin kafin ginin ya zo ba, ko kuma har yaushe zai iya.

Da na koma da Babbar Sallah, rabin kantocin shagon wayam suke. Na biya na gidanmu, na ɗora wani abu a kai. Ya ƙirga, ya zare ƙarin ya miƙo mini, sannan ya ja layi a kan sunanmu.