Taliya da Miyar Ɗanyen Tumatir



Daga Kumasi har Tamale, babu zangon da ba a san taliya ba. Ita ce abokiyar tafiyar shinkafa da wake, har maƙwabtanmu suna kiran su da sunayen da muke kiran su. Sai dai taliya ba ta da ɗanɗanon kanta, darajarta tana ga miyar da aka zuba mata. A yau kuwa yawancin miyarmu daga gwangwani take fitowa, tumatirin da aka sarrafa a Italiya ko ƙasar Sin.

Iyayenmu mata ɗanyen tumatir suka sani, kuma aikinsa yana da ƙa'ida. Ana zaɓen wanda ya nuna jajir, mai tauri a hannu, wanda bai fashe ba. A wanke shi, a markaɗa tare da tattasai da attaruhu da albasa. Daga nan sai a ɗora markaɗen a wuta ba tare da mai ba, a bar tukunya a buɗe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma muddin ruwan nan bai tsotse ba, miya za ta fito tsararo, ga tsami. Wasu kan jefa kanwa don su kashe tsamin da sauri, amma kanwa tana dusashe jan launin. Maganin da ya fi shi ne wuta kaɗan da haƙuri.

Idan markaɗe ya yi kauri, sai a soya albasa a man gyaɗa, a zuba shi, a sa gishiri da citta da tafarnuwa, a riƙa juyawa don kada ya kama. Alamar nuna ita ce mai ya taso sama. Taliya kuma a ruwan gishiri mai tafasa ake zuba ta, a tsame kafin ta caɓe.

Abin da ke damunmu shi ne, wannan sani a gindin murhu ake gadonsa, kuma yarinyar da ta tashi tana buɗe gwangwani ba za ta san lokacin da tsami ke barin tukunya ba. Ga kuma manoman Akumadan da Tuobodom, waɗanda in kaka ta yi tumatirinsu kan ruɓe don rashin mai saye, alhali kuɗinmu yana ƙetare teku.

Ba mu ce a haramta gwangwani ba, domin da rani tumatir kan yi tsada har sai an ɗauko daga Burkina Faso. Roƙonmu ga iyaye mata shi ne, idan ya yi araha a sayi kwando guda, a zaunar da 'ya'ya kusa da tukunya su ga yadda ake yi.

Allah ya sa albarka a abincinmu.